Haddata na zubewa, raina a ƙuntace, kuma a garin Manzo nake

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Wani ɗan uwanmu ɗalibi a nan Madina ya turo mini wannan saƙo, ya roƙi a sakaya sunansa. Don Allah ban da wasa, ban da cankar ko wane ne.

Mai saƙon: Salamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa. Shekarata ta huɗu ke nan a Madina, biyu a ajin koyon Larabci, yanzu ina aji biyu a kwaleji. Da haddata na zo, izu sittin cif, tun ina kolo nake tsangaya. A garinmu ni nake jan baƙi a tafsirin azumi. Amma wajen wata biyar ke nan abin yana zube mini. Ran nan ina nafila na kama Tabaraka, surar da yaran unguwa ke rerawa a hanya, na tsaya cak a tsakiyarta, sai da na yi ruku'u haka nan.

Ba hadda kaɗai ba. Sau biyu ina barin iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, a kanti. Shafi ɗaya sai in karanta shi sau uku, in rufe littafin ban san me ya ce ba. Barci ba ya ɗaukata sai bayan Asuba, shi ya sa darasin safe ke wuce ni, fashina a darussa biyu ya kusa kai ni ga hirmani, wato a hana ni zama jarrabawa. Abinci kamar ƙasa nake ci. Harami, Masallacin Annabi (SAW), da nake ɗokin zuwa a da, yanzu sai in yi mako ban leƙa ba.

Babu wanda ya rasu mini, babu wanda ya ɓata mini. Wannan ne ma ke ba ni kunya. In Inna ta kira sai ta ce, kai kam ka dace, ka sa mu a addu'a a Rauda. Ƙannena kuma lambar asusu suke turo mini. Wa zan ce wa ina garin Manzo amma raina a ƙuntace? Har ya kai in an idar da salla aka yi kiran sallar gawa, sai in ji da ma ni ne za a wuce da ni maƙabartar Baƙi'a in huta.

Zunubi ne ya kama ni, ko sammu ne, ko ƙwaƙwalwata ce ta lalace?

Ɗan Gusau: Allah Ya ba ka lafiya ɗan uwa. Ka lazimci zuma da habbatus sauda da zabibi da safe, ka yawaita shan Zamzam da niyyar waraka.

Ustaz na aji huɗu: Ɗan uwa, gaskiya ɗaci gare ta. Duk mun haddace baitocin nan da ake jingina wa Imamu Shafi'i, da ya kai kukan raunin hadda wurin malaminsa Waki'u, ya ce masa ya bar saɓo, domin ilimi haske ne. Ka binciki kanka, ka binciki wayarka. Ka yawaita istigfari da azkar na safe da yamma. Mai imani ba ya yanke ƙauna.

Alaramma: Ustaz, istigfari babu mai wadatuwa da barinsa, ni da kai ma. Amma yaron nan ya zo ne yana tuhumar kansa, ba ƙarin tuhuma yake nema ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Suratu Yusuf ta faɗa. Wane saɓo ya yi? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman sira Shekarar Baƙin Ciki suke ce mata.

Maganar garin Manzo kuwa, ƙanena, ka saurara. Da sahabbai suka yi hijira zuwa garin nan, zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Bilal in zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya da waƙen begen Makka, yana ambaton ciyayinta da ruwanta da duwatsunta. Nana A'isha ta kai labari, Annabi (SAW) bai yi masa faɗa ba. Addu'a ya yi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, Ya kawar da zazzaɓinta zuwa Juhfa. Yana cikin Bukhari. To in Bilal ya yi kewar gida a Madina, kai wane ne da za ka ji kunya?

Hadda kuma dama halinta ke nan, hadisi ya ce ta fi raƙumi saurin kuɓuce wa dabaibayi. Ka ajiye tilawar izu biyar da ka saba. Sumuni biyu bayan Asuba, da murya a sarari, tare da mutum ɗaya mai riƙe maka Mus'hafi. Mu a tsangaya ba a barin gardi ya yi tishi shi kaɗai in karatunsa ya yi sanyi.

Likita, Jidda: Assalamu alaikum. Ni ɗan Mai Wurno ne, can Sudan, likitan iyali nake a nan Jidda. Ku yi haƙuri da Hausata da tsawon bayani.

Ƙanena, da maganar Baƙi'a zan fara, domin ita ce ta hana ni wucewa. Ina tambayarka kai tsaye: ka taɓa tunanin yi wa kanka illa? Ka taɓa tsara yadda za ka yi? Ba sai ka amsa a nan ba. In amsar e ce, kada ka kwana kai kaɗai yau. Ka faɗa wa abokin ɗakinka, ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya. In kuma fatan hutawa ne kawai yake zuwa yana tafiya, duk da haka likita zai so ya ji shi a makon nan. Mai kula da zaure, don Allah ka kira shi.

Abin da ka lissafa, mu a asibiti ikti'ab muke ce masa, ciwon damuwa. Ƙuncin rai, gushewar sha'awar abin da kake so a da, rikicewar barci da ci, rashin tattara hankali, yawan zargin kai. In suka haɗu suka wuce mako biyu muna ɗaukarsu ciwo, kai kuwa wata biyar kake faɗa. Ban duba ka ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma kamannin sun fito.

Ka ce babu abin da ya same ka. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934 Miladiyya, ya riga ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai: mai sanannen dalili kamar rashi ko asara, da wanda ke saukar wa mutum ba tare da ya san dalili ba. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana bukatar maganin likita. Wato ba Turawa suka kawo mana maganar ba.

Mantuwar fa? Yawancinta ba mantuwa ba ce. Hatsin da bai shiga rumbu ba, ba a cewa ɓera ya cinye shi. Lokacin da kake ajiye iƙamarka a kanti hankalinka yana can yana saƙa da warwara, abin bai shiga ba balle ya fita. Haka shafin da kake maimaitawa. Ga kuma rashin barci, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. Haddar da ka yi tun kana yaro kuwa tana nan, ƙofar ce ta cije. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 na ga irin wannan a cikin danginmu da suka gudo, har da ɗaliban likitanci da suka rantse kansu ya toshe. Da barci ya dawo, ciwon ya lafa, karatu ya dawo.

Ka je asibitin makarantarku ko cibiyar lafiya ta unguwa. In ka rasa ta inda za ka fara, ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ne, dare da rana. Ka roƙi a yi maka gwajin jini: ƙarancin jini, bitamin B12, bitamin D, da tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Duk suna iya kawo kasala da mantuwa. Kada ka yi mamakin bitamin D, a ƙasar nan rana ta yi yawa har gudunta ake yi, daga ɗaki mai sanyi sai mota mai sanyi, ƙarancinsa ya zama ruwan dare. Kuma ka faɗa wa likita komai, har maganar Baƙi'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In ya rubuta maka magani, ka san abu uku. Ba ya bugarwa, ba dangin tiramadol ko kodin ba ne. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida, kuma kwanakin farko kana iya jin tashin zuciya ko ciwon kai. In tunanin mutuwa ya ƙaru a lokacin, ka koma wurinsa a ranar. Sannan ba a yanke shi don an ji sauƙi, akan ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, a janye shi a hankali da sanin likita. Akwai kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wasu shi kaɗai ya ishe su.

Gahawa da shayi kuma, daga La'asar ka sallame su. Bayan awa biyar rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jininka.

Mai kula da zaure: Na kira shi, mun daɗe muna magana. Ya ce bai taɓa shirya komai ba. Abokin ɗakinsa ya sani yanzu, gobe Lahadi tare za su je asibiti.

Wani ɗan digiri na biyu: Alhamdu lillah. Ni ma na bi ta nan a shekarata ta uku, ban faɗa wa kowa ba sai da makina ya faɗo aka ba ni takardar gargaɗi. Kada ka bari fashinka ya haura kashi 25 cikin 100, daga nan an haramta maka jarrabawar darasin, ya zauna maka a matsayin faɗuwa. Ka karɓi takardar likita ka kai wa malamin da ke ba ka shawarar karatu. Akwai i'itizari, kana iya ajiye darasi ɗaya ko ma zangon gaba ɗaya, amma yana da ranar rufewa, ka duba jadawalin makarantarku yau. Ka tambaya kuma ko zai taɓa alawus ɗinka kafin ka sa hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya taimake ni da mantuwa ƙanana ne. Iƙama da makulli da waya wuri ɗaya, kullum, babu canji. Ƙaramin littafi a aljihun jallabiya. Karatu na minti ashirin, in rufe, in faɗi abin da na karanta da baki, gobe in sake tambayar kaina. Da tattaki daga Harami zuwa masallacin Ƙuba bayan Isha, wajen kilomita uku ne, da ka dawo jiki da kansa zai nemi katifa.

Mutanen gida kuwa, ka faɗa musu adadin alawus ɗinka ƙarara. Nawa sun ɗauka a bakin titi ake tsintar riyal sai da na nuna musu.

Ustaz na aji huɗu: Ban ce kada ya je asibiti ba, Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani bayin Allah. Amma ya haɗa da ruƙiyya, ya yi wa kansa da kansa. Ɗan uwa, in maganata ta yi maka nauyi ka yafe ni.

Hajiya, matar Malam: Ɗana, shekarata 19 a garin nan, na ga irinku da yawa. Kuna ta kabsa da burodi, ba mai ce muku sannu da Hausa. Duk Juma'a ina tuƙa tuwo da miyar kuka, Malam yana tara ɗalibai bayan an sauko. Ka karɓi kwatance wurin mai kula da zaure, ka shigo cikin mutane, ba wanda zai san kai ne. Zan dama maka talbina, kunun sha'ir ne da madara da zuma, Nana A'isha ta ruwaito cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Kuma ka faɗa wa mahaifiyarka. Wallahi tuni ta ji a muryarka, jira take ka buɗe baki.

Mai saƙon, bayan mako uku: Salamu alaikum. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ustaz, babu komai, azkar ɗin ma da gaske na yi sakaci da su.

An yi gwajin. Tayirod lafiya lau, bitamin D ya yi ƙasa sosai. Likita ya yi mini tambayoyi tara a takarda, muka daɗe muna magana, ya ce ciwon damuwa ne. Yau kwanana 16 a kan magani. Ba zan ce na warke ba, har yanzu safiya tana yi mini nauyi, amma ina barci kafin ƙarfe ɗaya, kuma tunanin Baƙi'a ya yi nisa. Na ajiye darasi ɗaya, saura kwana biyu a rufe.

Na faɗa wa Inna. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ta ce bayan haihuwar autarmu ta yi wata shida ba ta san daɗin duniya ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Baba.

Alaramma, jiya na kai ƙarshen Tabaraka, gyara ɗaya abokina ya yi mini. Hajiya, Juma'ar nan mu biyu ne, a ƙara gari.