Hanya biyu ce, amma wuta ta ragu: wa ya taɓa cin karo da haka?

Ɗalibar aji huɗu, BUK: Salamu alaikum. Aikina na kammala digiri a kan ɗan mitsitsin zobe ne, inda ilektiron ke da hanya biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na rubuta lissafin a Python, yaren shirya manhajar kwamfuta, sai ga wutar ta faɗi kusan sifili a wani wuri. Kwana uku ina farautar kuskure. Ashe babu shi.

Malamin sakandare, Gwale: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ma na sha wannan mamakin. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa in an jera rasista biyu kafaɗa da kafaɗa, wuta ƙaruwa take yi. A nan dokar ba ta aiki. Ilektiron tafiyar igiyar ruwa yake yi, yana bin hanyoyin biyu lokaci guda. In tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, sai su kashe juna. Baho na kai aji, na riƙa taɓa ruwan da yatsu biyu, ga layuka nan inda ruwan ya kwanta luf. Wani yaro ya rantse siddabaru ne.

Mai digiri na biyu: Ƙanwata, ratsa tsakiyar zoben da maganaɗisu, ki riƙa ƙara ƙarfinsa, ki sha kallo, wutar za ta dinga hawa da sauka. Masana kimiyya Aharonov da Bohm suka hango haka a 1959, a 1985 aka gan shi a kamfanin IBM, a zoben zinariya da bai kai mikiromita ɗaya ba, cikin sanyin da bai kai Kelvin ɗaya ba, wato dab da iyakar sanyi. Ni nawa aikin a kan benzin ne, sinadarin da atam ɗin kabon shida suka yi zobe mai kusurwa shida. Ka jona wayoyi a kusurwoyi masu kallon juna, wato para, wuta ta wuce. Ka matsar da ɗaya zuwa kusurwar da ke gefenta, wato meta, wutar ta kusa ɗaukewa. Sau biyu ana ɗauke mana tamu wutar ina tsakar lissafi, dole na tare gidan kawuna mai sola.

Mai gyaran waya, Farm Centre: To ni da kullum nake kan allon waya, me ya sa ban taɓa gani ba?

Mai digiri na biyu: Zafi ne, Oga. A zafin ɗaki atam suna ta rawa, ilektiron ya yi ta karo da su, kafin ya yi nisa ya rikita takunsa. Layin tagullar allonka ya yi masa tsawo. Benzin kuwa bai kai nanomita ɗaya ba, shi ya sa ake ganin abin ko ba a sanyaya ba.

Ɗalibar aji huɗu, BUK: Na gode, Yaya. Yau da dare zan gwada maganaɗisun, in an kawo wuta.