Ta yaya ƙauye ke shiga jerin masu samun turken sabis?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wani ƙauye da ke yammacin Katsina. Mu sabis sai an hau tudun bayan makaranta, nan ma kira kaɗai ke shiga. Ranar kasuwa mai POS ɗinmu kan tsaya a kan benci ya ɗaga na'urarsa sama, mata na layi da kuɗin awo. Yaranmu masu JAMB kuwa sai sun biya kuɗin mota zuwa birni kafin su duba sakamako. Na ji a rediyo an amince a kafa turakun sadarwa 7,000 a karkara, ga kuma wayar fiba (wayar intanet mai sauri) kilomita 90,000 da ministan sadarwa Bosun Tijani ke magana a kai. Don Allah wa ke zaɓar garuruwan? Ina ake kai koke?

Ɗan Gyaran Turke:
Wa alaikumus salam Malam. Aikina ke nan, bari in gaya maka abin da na sani. Kamfani ba ya gudun ƙauye don ƙiyayya, lissafi yake yi. Turke yana cin gas ko batiran sola, ga maigadi, ga ɓarayin batir, katin da za a saya a garin kuma bai mai da kuɗin ba. Shi ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wato hukumar sadarwa ta ƙasa, ana zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanoni ke biyan hukumar, domin a tallafa a kafa inda babu riba. Masu asusun suna da taswirar wuraren da sabis bai kai ba. Ku rubuta takarda da sa hannun dagaci, ku lissafa ƙauyukan kewaye, makarantu, asibiti da kasuwa, ku miƙa ta hannun ɗan majalisarku na tarayya. Fiba kuwa kada ka ɗora rai tukuna, manyan garuruwa za ta fara bi.

Maman Khadija:
Malam, Allah ya saka. Ni tsaro ne damuwata. Da aka katse sabis a Zamfara a watan Satumba 2021, har da wasu ƙananan hukumomin Katsina, garin iyayena ya shiga ciki. Kafin a dawo da layi an kwashe batiran turkensu, ma'aikata kuma suka ƙi shiga saboda hanya. Har yau mahaifiyata aiken baki take min. In za a kafa sabo, a faɗi wanda zai kula da shi.

Ɗan Zariya:
Kada a bar gwamnoni a baya. An daidaita kan naira 145 kowace mita kuɗin izinin haƙa ramin fiba da jihohi ke karɓa, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Ka tambayi ɗan majalisar jiharku nawa ake karɓa a wajenku.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai. Zan sami dagaci bayan sallar Juma'a. Injiniya, ko sai mun haɗa da takardar filin da za mu bayar?