Mayaƙin doki na Turai: jarumi za mu ce, ɗan lifidi ko barde?

Malamin tarihi, Mabera:
Assalamu alaikum, masana Hausa. Ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin knight na Turawa, wanda suke furtawa "nait", saboda darasin da nake shirya wa ɗalibai. Bari in fara faɗin ko wane ne shi, don kada mu raɗa wa yaro suna ba mu gan shi ba.

Mayaƙi ne na kan doki, wanda zamaninsa ya kama daga wajen shekara ta 1000 zuwa ta 1500. Ba duk mai doki da takobi ake kira haka ba. Tun yana ɗan shekara 7 ake kai shi gidan wani babba ya yi barance, in ya kai 14 ya zama mai riƙe wa ubangidansa garkuwa da kula da dokinsa, sai wajen 21 a naɗa shi: ya durƙusa, a dafa masa kafaɗa da takobi, ya yi rantsuwar biyayya. Sau da yawa akan ba shi ƙasa ya ci amfaninta, shi kuma ya biya da fita yaƙi, bisa al'ada kwana 40 a shekara, da dokinsa da makamansa na kansa. Da fari sulke suke sawa, irin na zobba. Bayan 1400 suka koma rufe jiki ruf da farantan ƙarfe masu nauyin kilo 20 zuwa 25. Babban makaminsa dogon mashi ne da yake maƙalewa a hammata ya sako doki a guje, takobi kuwa sai an haɗu gaba da gaba.

Na ga wasu na rubuta "jarumi". Ni dai raina bai kwanta da ita ba.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Da gaskiyarka. Jarumta hali ce, ba muƙami ba. Manomi na iya zama jarumi, mace mai naƙuda ma jaruma ce. Ga shi kuma yau in ka ce wa ɗalibi jarumi, ɗan fim zai fara faɗo masa a rai.

"Sadauki" ta dace da waɗanda labari ya ɗaukaka, masu takubba da suna. Kamar Rolan mai takobi Durandal, wanda aka kashe a wata mashigar duwatsu tsakanin Faransa da Sifen a 778 yana mayaƙin Sharliman, wani babban sarki na Turai. Ko sarki Ata na tatsuniyoyin Birtaniya da takobinsa Eskaliba. Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ai yaron makarantar allo ya san Zulfiƙari na Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda. Sai dai dubban mutanen da ka bayyana ba duka ne sadaukai ba. Da yawansu sun ƙone ƙauyuka, sun kwashe dukiyar talakawa. In muka ce sadauki, mun yabe su tun kafin ɗalibi ya ji abin da suka aikata.

Wani ɗan'uwa daga Gwadabawa:
Me zai hana mu ce ɗan lifidi? Mahayi ne da aka suturta shi da dokinsa, shi ake sakawa gaba ya fasa sahun abokan gaba. Kuma kalmar tsohuwa ce, tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ka ga zamani ɗaya ke nan da nasu.

Baba, Kanwuri:
Ɗiyana, lifidi daban, sulke daban, kada ku gama su. Lifidi auduga ta anka cusa cikin ƙyalle anka ɗinke, a lulluɓe doki da shi, mahayi shi ma ya sa nashi. Kibiya in ta shiga sai ta maƙale ciki. Amma shina da nauyi da zahi, ɗan lifidi in ya hwaɗi ba ya tashi da sauƙi, kuma wuta ita ta maganinshi. Sannan da yawansu bayin sarki na, sarki ke da dokin, sarki ke da kayan.

Sulke kuwa na riƙa shi da hannuna, akwai guda gidanmu da munka gada. Zobba na ƙanana na ƙarhe, kowane an sarƙa shi cikin huɗu, an ɗaure bakinshi da ɗan ƙusa kamar ƙwayar gero. In ka ɗaga shi sai ya zubo hannunka ya yi lagwab, nauyin duk ga kahwaɗa yake sauka, shi ya sa ake ɗaure ƙugu da ɗamara a raba nauyin. Ba a sa shi bisa tsurar jiki, sai da riga mai kauri ciki. Mai ake shahwa mishi don tsatsa. Wanga kaya ba na kowa ba na, daga Masar ake kawo irinshi ta hamada, sai mai hali.

Mutumen da kake nema, Malam, mai doki nashi, mai ubangida, wanda ke tsaye kusa ga sarki ranar gumu, barde muka ce mishi. Jam'i barade.

Malamin tarihi, Mabera:
Allah ya ƙara girma, Baba, ya ja da kwana. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Abu ɗaya ke damuna: Barde sarauta ce a ƙasar Hausa, ga Baraden Wamakko nan kusa da mu. Ba za a ruɗe ba, a zaci hakimi nake nufi?

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Ai nan ne ma ƙarfin kalmar yake, Malam. Sarautunmu na yaƙi daga aiki suka fito: Ubandawaki, Madawaki, Garkuwa, Sarkin Baka. Ba wanda ya daina kiran garkuwa garkuwa don an naɗa wani Garkuwan gari. Su ma can haka abin ya kasance, yaƙin doki ya wuce, sunan ya rage a matsayin girmamawa. Kalma ɗaya ke nan ta ɗauko mana aikin da martabar tare.

Akwai kuma wani abu. A tsohon Ingilishi asalin kalmar tasu yaro take nufi, ko bara mai hidima. Faransawa da Larabawa daga doki suka ciro tasu, shi ya sa Balarabe ke cewa farisi. Barde ya haɗa biyun, ba barde sai da doki, ba barde kuma sai da wanda yake yi wa bardantakar.

Wani ɗan'uwa daga Gwadabawa:
Na janye tawa, bayanin Baba ya gamsar da ni. Na ma gwada ta cikin jimla in ji ko za ta zauna: "A yaƙin Ajinko na 1415, maharban Ingila masu dogon baka sun karya baraden Faransa, waɗanda nauyin ƙarfe ya nutsar da ƙafafunsu cikin taɓo." Ta zauna daram, ba ta buƙatar wani ƙarin bayani.

Kuma Malam, in ka zo wannan darasi ka tuna wa yara Tabkin Kwatto, kusa da Gudu, a watan Yuni na 1804. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu ƙarƙashin Malam Abdullahi galibinsu dakaru ne masu kwari da baka, dawakinsu kaɗan, kuma Allah ya ba su nasara. Ɗan Sakkwato da ya san wannan ba zai sha wahalar gane yadda kibiya ke kayar da mai doki ba.

Baba, Kanwuri:
Haka na. Ku ƙara da takobi. Namu miƙaƙƙe na, kaihi biyu, ga kahwaɗa ake rataya shi da hamila, ba ga ƙugu ba kamar nasu. Ruwan takubba da yawa ma daga ƙasar Jamus anka kawo su, maƙeranmu da dukawa sunka yi musu ƙota da kube.

Malamin tarihi, Mabera:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan rubuta. Barde, jam'i barade. Inda ake tsoron ruɗani, a ambaton farko in ce "barden Turai". Na zamanin zobba barde mai sulke, na bayan 1400 barde mai rigar ƙarfe. Yaron da ke riƙe masa garkuwa zan kira shi zagi, tare da bayanin cewa shi wannan zagin ɗan manya ne mai jiran nasa naɗin. Sadauki na bar wa su Rolan.

Wuri ɗaya ne ba zan sa ta ba. Lambar da Sarauniyar Ingila ta ba Sardauna Ahmadu Bello a 1959, wadda ta sa ake ce masa Sa, daga wannan tsatso take, amma ba zan rubuta cewa an naɗa shi barden Ingila ba. A nan "lambar girma ta Sa" ta wadatar, kamar yadda jama'a suka saba faɗa.