Asbesto da sankarar mahaɗiya: wace kalma za mu tsayar?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a rai tun makon jiya, lokacin da na raka kawuna asibiti a nan Jidda domin in yi masa tafinta. Ya shafe shekaru masu yawa yana aikin gini da rusau, yanzu kuma abinci ya fara yi masa wuyar wucewa, musamman nama da burodi. Likita ya ce za a duba masa abin da Larabawa ke kira mari'u, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, sannan ya tambaya ko ya taɓa aiki da asbestos. Na fassara ta farko da maƙogwaro, ta biyu kuma na ce silin, amma tun kafin mu fito daga ɗakin na san duka biyun ban faɗi daidai ba. Shi ya sa muke tattaunawa a tsakaninmu a kan kalmar Hausa da za mu tsayar wa kowacce, wasu kuma sun riga sun kawo shawarwarinsu.

Ta biyun ta fi sauƙi. Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, wanda idan aka farfasa shi yake warwarewa zare-zare, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa. Saboda haka ne aka daɗe ana cuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa, ana kuma sa shi a birkin mota. Silin ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake yi da shi, don haka ba zai zama sunansa ba. Saudiyya ta haramta shi a 1998, Tarayyar Turai a 2005, amma ginin da aka yi kafin haramcin yana nan da abinsa, kuma mai rushe shi ko mai yanka tsohon bututu da injin yanka shi ne ke shaƙar ƙurar.

Larabawa suna ce masa alharirus sakhri, wato alharinin dutse. Wani malami a cikinmu ya ba da shawarar mu ɗauki wannan fassarar yadda take. Malam, ina ganin kyawunta ne aibinta, domin Bahaushe bai san alharini da cutarwa ba, ya san shi ne a jikin rigar sarauta da lefen amarya. Wanda ya kawo shawarar a ce audugar dutse ma ya kusa, sai dai a kasuwar kayan gini a nan akwai sufus sakhri, wato ulun dutse, da ake cusawa a bango saboda zafi, wanda wani abu ne daban, kuma sunayen biyu za su cakuɗe a kunnen lebura. Ra'ayina shi ne mu bar kalmar da magina suka riga suka saba da ita, mu rubuta ta asbesto, idan ana bukatar bayani a ce zaren dutse, idan kuma ana gargaɗi a ce ƙurar asbesto, tunda ƙurar ce ke shiga jiki.

Kalma ta farko ita ce mai nauyi, kuma dalilin ya wuce na harshe. A wuyan mutum akwai hanyoyi biyu, ta gaba wadda iska ke bi zuwa huhu, da ta bayanta wadda abinci ke bi zuwa ciki, tsawonta kusan santimita 25 a jikin babba. A maganarmu ta yau da kullum maƙogwaro da maƙoshi suna ɗaukar duka biyun, kowa da yadda aka saba a garinsu. To amma hujjar likitoci a kan asbesto ba ɗaya ba ce a wuraren biyu. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa, a bitar da ta yi a 2009, ta tabbatar cewa asbesto yana haddasa sankarar huhu, da ta fatar da ke lulluɓe huhu da ciki, da ta akwatin murya, da ta ƙwan mace. Hanyar abinci ba ta cikin waɗanda ta tabbatar. Kwamitin likitocin Amurka da ya duba batun a 2006 ma ya ce hujjar da ke akwai a kan hanyar abinci ba ta isa a yanke hukunci ba. Akwai bincike a kan ma'aikata da ya nuna ƙarin haɗari kaɗan, akwai kuma wanda bai nuna ba. Dalilin zargin a fili yake: majinar da ke share ƙura daga hanyar numfashi tana hawowa ne a haɗiye ta, don haka zaren yakan bi ta hanyar abinci. Idan muka ce asbesto na kawo sankarar maƙogwaro, mun faɗi gaskiya game da akwatin murya, mun kuma wuce gona da iri game da hanyar abinci, duk a jimla ɗaya.

Wani dattijo mahauci daga Makka, wanda ya daɗe yana aikin yankan hadaya, ya tuna mana cewa malaman fiƙihu sun rarrabe su tun da can: hulƙumu na numfashi ne, mari'u na abinci. Baba, wannan gaskiya ne, har ma a mazhabar Malikiyya sharaɗin yanka shi ne yanke hulƙumu da jijiyoyin wuya biyu, alhali Shafi'iyya suna shardanta hulƙumu da mari'u. Sai dai wanda bai yi karatun zaure ba ba zai gane mari'u ba, kuma a kunne ta yi kusa da mari.

Don haka nake goyon bayan mu kira hanyar abinci mahaɗiya. Ginin kalmar na Hausa ne tsantsa, kamar mashaya da majema da masaƙa, kuma duk wanda ya ji ta zai san wurin haɗiya ake nufi. An yi ƙorafin cewa a rubuce za a iya ɗaukarta a matsayin mace mai haɗiya, amma ba na jin akwai wanda zai ga sankarar mahaɗiya ya yi wannan zaton. Maƙogwaro sai mu bar wa hanyar iska da murya.

Gobe za mu koma karɓar sakamako, ga kuma yadda na shirya faɗa masa: "Kawu, mahaɗiyarka aka duba. Taba da giya da ƙwannafi mai daɗewa su ne sanannun dalilan sankararta, ana kuma zargin shayi mai tsananin zafi. Ƙurar asbesto ba a tabbatar da ita a nan ba, amma an tabbatar da ita a huhu, kuma cutarta kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, shi ya sa zan roƙi likita ya duba ƙirjinka ma."