Muhawara a Zaure: Shin Ya Dace Mutum Ya Sayar wa Abokinsa Kyautar da Aka Yi Masa?

Baban Sadiya (Gadarif): Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana. Na kawo muku wata magana da ta shiga tsakanina da Yayana, kuma da saninsa na kawo ta, domin shi ma yana cikin wannan zaure. Fiye da shekara ashirin da suka wuce, ranar da maigidana ya yaye ni daga koyon ɗinki a Wad Madani, ya ba ni keken ɗinkinsa na ƙafa, ƙirar Singer, wanda a kansa na koyi sana'ar. Har yanzu akwai tabon dutsen guga a gefen katakonsa, inda na taɓa ajiye shi da zafinsa ina yaro, kuma tef ɗin awon da ya kafa da ƙananan ƙusoshi a bakin teburin yana nan, ko da yake lambobinsa sun goge. Na daɗe da barin ɗinki na koma sayar da yadi, shi kuwa keken yana ɗakin mahaifiyarmu a nan Gadarif, an lulluɓe shi da tsohon zane. Da Madani ta faɗi a yaƙin Sudan a watan Disamba na 2023 muka gudo nan da kayan jikinmu. Yanzu da garin ya dawo hannun soja tun Janairun 2025, ina son in koma in gyara ƙofar shagona, amma ba ni da jari. Wani abokina tela, wanda ya bar kekunansa duka a Khartum, ya ga keken ya ce in sayar masa, domin keken ƙafa ba ya jiran wutar lantarki. Yaya ya ce kyauta ba ta shiga kasuwa, kuma sayar da ita ga aboki ya fi muni. Ina neman ra'ayinku.

Baban Usman (Bur Sudan): Wa alaikumus salam. Haka na faɗa, kuma ban janye ba. Wannan dattijo yana raye a Kassala wurin 'ya'yansa, idonsa ya yi rauni, amma hankalinsa garau yake. Bai ba ƙanena keken nan don yana da kekuna da yawa ba. Ya cire shi ne daga shagonsa, ya rage wa kansa hannu guda na aiki, don ya nuna wa jama'a cewa wannan yaro ɗansa ne a sana'a. Abin da aka bayar da irin wannan niyya ba a sa masa farashi. Idan baƙo ne ya saya ya tafi da shi, da sauƙi, amma abokin nan yana shiga gidanmu, yana cin abinci da mu, kuma duk ranar da aka je shagonsa za a ga keken a ce ga keken Malam da aka sayar. Ai har hadisi ya zo cewa mai komawa ga kyauta kamar kare ne da ke komawa ga amansa.

Malam Ƙarami (Kassala): Allah Ya saka wa Yaya Baban Usman da alheri bisa kishin mutuncin dattijo, amma ya zama dole in gyara wurin da aka ɗora hadisin, domin ba a kan wanda aka bai wa kyauta yake magana ba. Hadisin Ibn Abbas ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma gargaɗi ne ga mai bayarwa kada ya dawo ya karɓe abin da ya riga ya bayar. Wato idan akwai wanda hadisin ya ɗaure wa hannu a wannan lamari, maigidan ne, ba Baban Sadiya ba. A Risala da muka karanta a gaban malamanmu an bayyana cewa kyauta da sadaka da hubusi, wato waƙafi, ba su cika sai an karɓa an riƙe, to da zarar an riƙe kyauta ta zama mallakar wanda aka ba, kamar abin da ya saya da kuɗinsa. Hubusi ne ba a sayarwa, aro da ajiya kuma ake mayarwa ga mai su. Akwai kuma hadisin Jabir a cikin Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya aika wa Sayyidina Umar da wata riga ta alharini, Umar ya zo yana kuka don ya san an hana maza sanya ta, sai Annabi ya ce masa bai ba shi don ya sa ba, ya ba shi ne don ya sayar. Umar ya sayar da ita dirhami dubu biyu. Saboda haka asalin sayar da kyauta halal ne, babu ko karhanci a cikinsa.

Baban Usman (Bur Sudan): Na karɓi gyara a kan hadisin farko, Malam, Allah Ya ƙara sani. Amma hadisi na biyu ni yake goya wa baya, domin a can mai kyautar ne da bakinsa ya ce a sayar. Shin maigidan ƙanena ya ce a sayar?

Malam Ƙarami (Kassala): Tambayar tana da ƙarfi. Amsarta ita ce izinin ba sharaɗi ba ne, kuma hujja ita ce naman da aka yi wa Barira sadaka da shi, ita kuma ta kawo gidan Annabi (SAW), ya ce a gare ta sadaka ne, a gare mu kuwa kyauta ne. Ba a aika an tambayi wanda ya yi sadakar ko ya yarda naman ya wuce wani hannu ba. Sai dai na yarda da kai cewa halacci daban, kyautatawa daban, kuma a kan kyautatawa ne ya kamata mu yi maganar.

Hajiya Babba (Mai Wurno): 'Ya'yana, ku bari in sa baki, domin mu mata mun fi ku sanin wannan ciwo. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, mahaifiyata ta sa mini awarwaro biyu na zinariya a hannu, ta ce in riƙe su don ranar da ba a fata. Na riƙe su shekara da shekaru, ban taɓa kai su wurin maƙeri ko don a auna ba. Bayan yaƙin nan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gidana ya cika da jikoki da surukai da suka gudo daga Khartum, buhun dawa ba ya kai mako biyu, sai na cire ɗaya na sayar wa maƙwabciyata da ke haɗa wa 'yarta kayan aure. Na yi kuka a daren, ba zan ɓoye muku ba, amma ban ji ko kaɗan cewa na ci amanar mahaifiyata ba, domin abin da ta ba ni shi ne rufin asiri, zinariyar mazubinsa ce kawai. Haka nake ganin keken nan. Malamin ɗinki ya ba yaronsa hanyar cin abinci ne. Keken da ke kwance a ƙarƙashin zane yana tsatsa, ba ya ciyar da kowa, shi ne ya bar manufar mai kyautar, ba wanda zai koma shago yana ɗinka wa yara kayan sallah ba. Kuma ni, ɗana Baban Usman, na fi son in riƙa ganin awarwarona a hannun yarinyar da na san haihuwarta a kan ya shiga kasuwa a narkar da shi.

Baban Usman (Bur Sudan): Hajiya, maganarki a kaina take. Amma zinariya an san ajiya ce ta ranar buƙata, kowa ya san haka tun ranar bayarwa. Keken yaye kuwa shaida ce. Idan har abokin nan yana cikin halin da aka faɗa, me zai hana ƙanena ya ba shi kyauta kamar yadda shi ma aka ba shi, ko ya ba shi aro har ya farfaɗo? A nan ne raina yake ɓaci: abin da ka samu ba da sisinka ba, ka karɓi kuɗi a kansa daga hannun wanda ya rasa komai.

Kawu Dillali (Gadarif): Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi a duk abin da aka faɗa, kuma ina son in amsa ta da abin da na gani a sana'ata, domin na tsufa ina tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Aron kayan sana'a tsakanin abokai ya fi ciniki raba zumunci. Keke abu ne da ke lalacewa. Yau igiya ta tsinke, gobe wani ƙarfe ya karye, sai a fara tambayar wa zai biya gyara, mai aro yana aiki a ɗarare, mai keke yana jin nauyin tambaya, ranar da ya buƙaci abinsa kuma sai ya zama kamar ya zo ƙwace abincin wani. Kayan aro ba ya rufe katara. Batun kyauta kuwa, Baban Sadiya ba mai wadata ba ne da zai yi ta, shi ma ɗan gudun hijira ne da iyali a wuyansa, kuma abokin bai roƙa ba, cewa ya yi a sayar masa. Namiji mai sana'a sau da yawa ya fi son ya biya ya san abin nasa ne, ya taka shi da ƙarfinsa ba tare da yana sunkuyar da kai duk ranar da kuka haɗu ba. Haɗarin da nake gani a wani wuri yake, wato farashi. Aboki ba ya iya tayawa yadda baƙo zai taya, kai ma ba ka iya cewa albarka yadda za ka ce wa baƙo, sai kunya ta yanke kuɗin, ɗaya ya tafi gida yana jin an kware shi amma ba zai faɗa ba. Na ga abokai da suka daina gaisawa a kan cinikin da aka yi ana dariya. Shawarata ita ce a kira tela na uku da ba ruwansa, ko mai gyaran kekuna, ya duba ya faɗi abin da irinsa na hannu yake yi a kasuwa yau, a gaban su biyun. Bayan an ji wannan, idan mai keke ya ga dama ya rage, to ragin ya fito fili a matsayin alheri, kowa ya san girmansa.

Malam Ƙarami (Kassala): Abin da Kawu ya faɗa game da kunya yana da asali. Sayyidina Umar ya taɓa bayar da doki saboda Allah, wanda aka ba bai kula da shi ba, Umar ya so ya saye shi yana zaton zai samu da araha, Annabi (SAW) ya hana shi, ya ce ko da dirhami ɗaya zai ba shi kada ya saya. Daga cikin dalilan da malamai suka kawo akwai cewa mutumin zai sassauta masa farashi don jin nauyinsa. Ciniki tsakanin masoya kuwa ba aibi ba ne: ranar hijira Sayyidina Abubakar ya miƙa wa Annabi ɗaya daga cikin raƙumansa biyu, Annabi ya ce sai dai da kuɗi. Abin da shari'a ta ɗora wa Baban Sadiya shi ne bayyana aibi, domin hadisin Hakim bin Hizam ya ce idan masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar.

Baban Sadiya (Gadarif): Aibin da na sani ɗaya ne, kuma zan faɗa masa: yana tsallake ɗinki idan yadi ya yi kauri, tun a hannun maigidana yake haka. Amma gaskiya, Yaya, ba farashi ne ya hana ni barci ba. Tunanin ranar da labari zai kai Kassala ta bakin wani ne.

Hajiya Babba (Mai Wurno): To kada ka bari ya ji a bakin wani. Ba izini za ka nema ba, tunda Malam ya ce ba a buƙatarsa, girmamawa ce za ka yi. Ka gaishe shi, ka gaya masa halin da kake ciki ba tare da kwana-kwana ba, ka gaya masa wanda zai karɓi keken da irin asarar da ya yi a Khartum. Idan kuma kuɗin ya shigo, ka cire wani abu ko yaya yake ka aika masa ya sayi sukari da ganyen shayi, domin yaba kyauta tukwici, ko da an yi shekara ashirin.

Baban Usman (Bur Sudan): Idan dattijon ya ji daga bakinka kuma ya sa albarka, na sauke maganata a kan cin mutunci. Amma ina nan a kan cewa da ina da abin da zan tura maka ta manhajar banki ta Bankak ka gyara shagon, da keken nan bai bar ɗakin Inna ba, kuma rashin hakan yana yi mini ciwo. Sharaɗi ɗaya nake roƙo: ka ce wa abokinka, duk ranar da ya tashi rabuwa da shi, ya fara sanar da gidanmu kafin kowa. Idan kuma muryar dattijon ta canza a waya, ko da bai ce kada ka sayar ba, ka dakata.

Baban Sadiya (Gadarif): Na karɓi sharaɗin, Yaya, kuma zan saurari muryarsa da kyau. Ina da lambar babban ɗansa, zan kira bayan sallar Juma'a lokacin da suke zaune tare. Kawu, idan da hali ka nemo mana mai gyaran kekunan ranar Asabar da safe, zan sa yara su fito da keken tsakar gida a goge shi a sa masa mai kafin ku iso.