OO ko N? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shimfiɗa ƙaramin layin dogo a gida

Abu Hanifa (Ƙofar Ƙaura): Assalamu alaikum. Ƙanena zai dawo daga Ingila bayan Sallah, ya ce in zaɓi saitin ƙaramin jirgin ƙasa guda ɗaya ya sako mini a jaka, irin wanda ke jan wuta ta cikin dogo, ba na batir na yara ba. Biyu ya turo mini: mai girman OO na kamfanin Hornby da mai girman N na kamfanin Kato. Ɗakin da zan sa shi shagon zaure ne, ƙafa 9 da 7, kuma babur na kwana a ciki. Wutarmu sola ce, batir ɗaya da ƙaramar inbata. Yara biyu, babban shekara 8, ƙaramar 4. Wanne ya fi dacewa? Kuma tunda an ce bolt 12 yake ci, zan iya jona shi da batir kai tsaye? Ranar Juma'a zan ba shi amsa.

Ɗan Marusa: Wa alaikumus salam. Mai girman HO na Amurka za ka saya, ka sami filawud cikakke mai ƙafa 4 da 8, a kansa kowa ke farawa.

Abu Hanifa: Malam, in na sa ƙafa 8 a ɗakin nan, babur ɗin a kaina zan ɗora shi?

Maman Ilham: Ikon Allah. Magidanci da jirgin wasa! Yaya, ka ce ya ba ka kuɗin ka sayi tumaki biyu, su aƙalla suna haihuwa.

Injiniya Sada: OO kashi ɗaya ne cikin 76 na jirgin gaske, tsakanin dogonsa milimita 16.5, daidai da na HO, shi kuwa HO ɗaya cikin 87 ne. N tsakanin dogonsa milimita 9 ne kacal, zagayensa mafi ƙanƙanta zai zauna a kan ƙyauren ƙofa guda. OO kuwa sai ka ba shi faɗin da ya kai mita ɗaya kafin kwana ta zagayo. Batir kai tsaye, a'a. Jirgin zai tashi da gudu ɗaya ba sassauci, kuma batirin sola in yana caji yana haura bolt 14. Ranar da yaro ya ɗora cokali a kan dogo waya za ta yi ja. Ko dai ka bi ta inbata da kwantirolan da ya zo da shi, ko ka sa ɗan kwantirola mai rage gudu da fis ƙarami a tsakani.

Baba Lawal Daura: Ɗana, ka saurare ni, ni na yi, ba a waya na gani ba. Wani mai sayar da kayan gwanjo a Kano ya haɗa ni da saitin HO, ya rantse mini komai lafiya. Bai gaya mini taransfomar ta Amurka ba ce, bolt 110 take ci. Ɗan ƙanwata ya soka ta a bango, sai ƙauri. Mai gyaran rediyo ya naɗa mini wata. Na ba kafinta kuɗin teburi, na ce busasshen katako, ya kawo mini ɗanye, kafin damina ta fita ya bankare, jirgi in ya zo tsakiya sai taragu su saki juna. Duk da haka na daure. Na yi Kusugu da kwali, na yi ganuwa da jar ƙasa da gam, na rina garin katako kore na yi gonar gero, maƙwabta har sallama suke yi su kalla. Sai hunturu ya shigo. Ƙurar da ba ka gani ita ke kwanciya a kan dogo, jirgi ya yi taku uku ya tsaya, ka tura da yatsa, ya ƙara tsayawa. Dogon kuma ashe na ƙarfe ne mai tsatsa. Wani ya ce in goge da sanfefa, na goge, ƙura ta sami wurin zama a cikin kartar. Na tafi Umara na dawo, gara ta hau ta ƙafar teburi ta cinye ganuwar da rabin filawud. Uwargida ta ce dama ɗakin take so ta zuba buhunan gyaɗa. Yanzu kan jirgin yana cikin kwanon silba a saman sif. Kada ka fara.

Maman Ilham: Allah ya saka wa Hajiya da alheri, gyaɗa ta yi nasara.

Ɗan Marusa: Baba nawa ka saya? Ni an ce mini dubu 45 a Kano.

Baba Lawal Daura: Lokacin dubu 60 na biya, kuma dala ba ta haukace ba.

Mustafa Layout: Dubu 45 wannan na roba ne mai batir, dogonsa ma roba. Saitin gaske sabo na duba, da kuɗin kawowa ya haura dubu 300.

Ɗan Marusa: Kai haba! Wani abokina dubu 120 ya sayo nasa.

Mustafa Layout: To ya sayo mana goma mu raba.

Injiniya Sada: Baba, da girmamawa, duk abin da ka lissafa ba laifin jirgin ba ne. Kayan Ingila bolt 230 ne kamar namu, filoginsu ma mai ƙafa uku irin namu. Na Kato ne zai duba, in an yi shi don kasuwar Japan bolt 100 ne, sai ƙanensa ya tabbatar da adaftar. Dogon Kato da na Hornby na yanzu gamin nikel ne, ba ya tsatsa, tsumma da ɗan sifirit ya ishe shi. A rufe da leda in an gama. Kuma a bar ɗan tsaga a mahaɗar dogo, don zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano yana miƙar da ƙarfe.

Baba Lawal Daura: Injiniya, naka teburin yana ina mu zo mu gani?

Injiniya Sada: Ban shimfiɗa ba tukuna, amma lantarki aikina ne.

Baba Lawal Daura: To gani ya kori ji. Gara ba ta san digiri ba.

Mustafa Layout: Amma Baba, wanda nasa ya lalace shi ma ba shi ne malami ba. Ni nawa N ne, yana kan tsohon ƙyaure, in na gama in jingine shi a bango. Sai dai gaskiya ƙura ta fi damun N, tayoyinsa ƙanana ne, kuma yarinya 'yar shekara 4 tarago ɗaya loma ne a wurinta.

Na Gobarau: Ku bar shi ya yi. Da alama shi zai fara kawo jirgi cikin birnin Katsina. Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da nan da Jibiya. Abu Hanifa, ka sa mana tasha a Mashi, ina da kaya.

Maman Ilham: Mu 'yan Funtuwa mun ga jirgi tun kakanninmu, ba ma zumuɗi.

Ɗan Marusa: Ni maganar kafintan Baba ce ta tsaya mini a rai. Na ba wani kafin alƙalami na kantar kicin tun kafin azumi, kullum "gobe in sha Allah". Da na matsa sai ya ce filawud ya tashi, in ciko.

Usta Kabiru: A yi mana adalci. Ku kawo rabin kuɗi, ku ɓace wata biyu, ku dawo kuna neman farashin da. Busasshen katako kuɗinsa daban, in an faɗa muku ku ce an cuce ku. Baba, ka tambayi kanka nawa ka ba shi. Kuma ko baƙin mai aka shafa wa ƙafafun da gara ba ta hau ba.

Baba Lawal Daura: Abin da ya yanka shi na ba shi, ko tayi ban yi ba.

Abu Hanifa: Jama'a na gode, amma har yanzu ban ji ba, OO ko N?

Ɗan Marusa: Usta, tunda ka fito kare su, kai nawa za ka yi mini kantar, kuma yaushe zan karɓa? Ka faɗa a nan gaban shaidu.