Daga Toronto zuwa Calgary a mota: waɗanda suka bi hanyar, ya kuka ganta?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. An mayar da ni aiki Calgary, a lardin Alberta da ke yammacin Kanada, kuma na fi son mu tafi a mota da iyali. Wanda ya taɓa bin hanyar ya ba mu labari, don Allah.

Malam na Sudbury: Wa alaikumus salam. Ka ɗaura ɗamara, don lardin Ontario, inda Toronto take, ba ya ƙarewa. Daga Toronto zuwa iyakar lardin Manitoba kusan kilomita 1,900 ne, kamar ka tashi daga Kano ka je Legas ka dawo, duk a lardi ɗaya. Da ka wuce Barrie gonaki za su fara ɓacewa, sai falalen dutse da itatuwa da tafki bayan tafki. Wannan shi ne yankin da masana ke kira Garkuwar Kanada, tsohon dutse da ya kewaye tekun Hudson, ya cinye kusan rabin ƙasar. Ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe wurin ce ta kankare ƙasar noma ta bar ramuka, ruwa ya cike su. A nan na gane dalilin da ya sa mutanen Kanada suka cunkushe a kudu. Za ka ga inda aka fasa dutsen don titi ya wuce, bango ja da toka-toka hagu da dama. Kada ka bari manka ya gaza rabin tanki tsakanin Wawa da Thunder Bay.

Maman Khalifa: Gaskiyar Malam. Kuma Yaya, kada ka tuƙa da dare a wannan yankin. Wani ƙaton naman daji mai faffaɗan ƙaho, ya fi doki tsawo, ya taɓa tsaya mana a tsakiyar titi bayan magariba. Maigidana ya taka birki har yara suka farka da kuka. Allah ne ya tsare.

Ɗan Zariya a Winnipeg: Kafin Winnipeg dutsen zai ƙare kwatsam, ƙasa ta baje. Nan gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, mai suna Agassiz, shi ya sa baƙar ƙasar ke da albarka, shi ya sa kuma Jan Kogi, wanda ya ratsa Winnipeg, ke malala idan ya cika, kamar yadda ya yi a 1997. Daga nan har Alberta alkama ce da kanola, shukar da ake matse man girki daga irinta. A Yuli furen kanola rawaya ne iya ganinka, amma miƙaƙƙen titin yana jawo gyangyaɗi, ku riƙa tsayawa.

Hajiya Babba: Ɗana, filin nan hawa yake a hankali ba ka sani ba. Calgary ta haura mita 1,000 a kan teku. Ni leɓena ya yi ta fashewa da muka iso, saboda bushewar iska, ka tanadar wa yara man shafawa. In gari ya yi wasai za ka hango duwatsun Roki tun kafin ka shiga birni.

Baban Amira: Na gode ƙwarai. Malam, a Wawa ya fi kyau mu kwana, ko mu ƙarasa garin Marathon da ke gaba da shi?